Filin da Na Ƙi, Sa'idu Ya Saya

Zuwa ga Malam Uwaisu,

Don Allah Malam ka taimake ni kafin watan nan ya mutu, don na shirya wata tafiya wadda ni kaina na san ba ta Allah da Annabi ba ce.

Ni ɗan goro ne a Agege, shekara ashirin da shida ke nan. Sa'ad da na zo, in ka bar tashar jirgi ka yi taku kaɗan sai gonaki. Shekara biyu bayan samun mulkin kai, Baba Alabi, wani dattijon Bayarabe da nake sayen goro wurin matansa, ya ja ni har wani fili a bakin hanya, ya ce in saya in gina. Na yi dariya, na ce masa mu Hausawa nema ya kawo mu Ikko, ba zama ba. Abin da na tara na kai garinmu Ɗambatta, na gina gida mai ɗaki shida. In aka haɗa duk kwanakin da na yi a cikinsa ba su kai arba'in ba. Awakin ƙanena ne ke morarsa.

Bayan yaƙin basasa sai ga Sa'idu, mutumin garinmu, daga shi sai tabarma da buta. Ni na sauke shi. Na koya masa tsintar goro da naɗe shi a ganye, amma ba shi da hannu, duk huhun da ya ɗaure sai ya sha iska. Ya haƙura ya kama gadi a wata masana'anta a Ilupeju. A bakin ƙofar nan ya riƙa ganin danfo, ƙananan motocin haya, na juye ma'aikata kowace safiya, kowa na cigiyar ɗakin haya. Rannan ya tambaye ni ko filin Baba Alabi na nan. Na sake yin dariyata, amma na raka shi, tunda Yarabancinsa bai wuce gaisuwa ba. Ni na yi tafinta, ni na fasa goro, na kuma dangwala yatsa a takarda, mu biyu shaidu.

Malam, ka zo ka ga wurin yanzu. Ɗaki goma sha biyu da kanti biyu. Akwai Chuwang mai walda, akwai wata Caroline ma'aikaciyar asibiti, akwai mutanen Nijar, kuma kullum wani na bakin ƙofa da akwati yana roƙo. Yaran da aka haifa a gabana suna ce wa Sa'idu oga. Ni kuwa ina nan a ciki da falon haya, damina ta zo mu jera kwanoni. Matata Batulu kuwa, in muka bi ta ƙofar gidan sai na ga tafiyarta ta ragu.

Ba zan ɓoye maka ba, hassada nake yi masa. Har hanyar masallaci na sake don kada in ga fentin gidan. Da ma ya yi mini girman kai da na sami abin kamawa. Ina! Har yau a waje yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce da ni maigida. Wannan ladabin ya fi komai ƙona mini rai.

Ga inda maganar take. Baba Alabi ya rasu bara. 'Ya'yansa sun taso sun ce aro ubansu ya ba da, ba sayarwa ba. Ɗaya shaidan shi ma ya rasu, saura ni kaɗai. An sa Asabar ɗin ƙarshen wata za a zauna gaban Baale, wato mai unguwar Yarabawa, da Sarkin Hausawa. Sa'idu ya zo ya gaya mini, na ce Allah ya kai mu. Yana fita na baza labari a zango cewa ran Alhamis zan raka gorona Kano da kaina, abin da rabona da yi shekara goma. Ina ce wa zuciyata ai ba ƙarya zan yi ba, ba na nan ne kawai. Shin akwai laifi a haka? Kuma yaya zan yi da abin nan da ke cina?

Naka,
Tsohon ɗan goro, Agege

Amsa

Ɗan'uwa, na gode da ka kira abin da sunansa. Da yawa sai su rubuto mini shafi uku na laifin maƙwabci, ba su ce hassada ba.

Zafinka yana da dalili. Ka riga shi zuwa, ka fi shi sanin gari, kuma a hannunka aka fara sa filin. Gina gida a garinku ba wauta ba ce, haka iyayenmu suka yi. Garin ne ya sake a ƙarƙashin ƙafarka kana sunkuye kan huhun goro. Amma shi ma Sa'idu bai ƙwace maka komai ba. Abin da ka ajiye sau biyu da dariya ya ɗauka, kuma da izininka.

Tambayarka ta farko, e, akwai laifi, kuma ka sani, shi ya sa ka rubuto. Ɓoye shaida ba sai an buɗe baki ba, jirgi ma yana ɓoye ta. In filin ya tafi ba hannunka zai dawo ba. Chuwang da Caroline ne za a watso wa kaya waje, kuma duk Bahaushen da ya sayi fili a Agege sai ya ji a jikinsa, don an gane shaidunmu na gudu. Zango kuwa ba ya manta wanda ya raka goro a wace Alhamis.

Shekara goma, ka ce, rabonka da raka goronka. To, ka aika shi da wanda ka saba, kai ka zauna. Bayan zaman, ka shiga gidan nan da kake kauce wa, ka sha ruwa a ciki. Abin da ake leƙe daga nesa ya fi girma a ido. Sannan ka zauna da Batulu, ka tambaye ta inda take son ta tsufa, don ga alama ba ka taɓa tambaya ba. In Ikko ta ce, wajen Iju har yanzu akwai dajin da ake yi wa dariya. Ka ce Sa'idu ya raka ka, shi ya san inda danfo za su juye mutane gobe.

Ran Asabar ka sa babbar rigarka. Kana ganin ba ka gina komai a Agege ba, alhali ɗaki goma sha biyu na tsaye a kan yatsanka ɗaya. Kada ka janye shi.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa albarka a goro, ya ba Batulu rufin da ba ya yoyo.

Malam Uwaisu