Sunan da Mama Ta Sani

Lexington, Kentucky
9 ga Afrilu, 1866

Ƙanena Lemuel,

Gaisuwa mai yawa gare ka da matarka Orpha. Ina fatan hannun ya daina zogi.

"Yaya, ranar da yaƙin nan ya ƙare, zan sa cigiyar Mama a jarida da sunan da za ta ji ta waiwayo." Maganarka ce, daga sansanin soja na Petersburg, da rubutun nan naka mai kama da tonon kaji. Yau shekara guda da ƙarewar yaƙi. Jiya jaridar coci ta iso, sai ga cigiyar: "Saje Lemuel Waters yana neman mahaifiyarsa, Lavinia Waters."

Wace ce Lavinia Waters? Ni da matar nan ta haifa, sai da na karanta sau biyu ina tausaya wa bawan Allahn da ya rasa uwarsa. Mama ba ta karatu. Mai wa'azi ne zai karanta cigiyar ranar Lahadi a wani coci can Mississippi, ita tana bencin baya, in tana raye ta haura saba'in. Sunanta Viney ta gidan Tolbert, ubangidan da ya riƙe mu a bauta. Sunanka a bakinta Sip. Waters kuwa kai ka zaɓar wa kanka bayan ka gudu ka tsallake kogin Ohio zuwa inda ba bauta, bai taɓa shiga kunnenta ba. Za ta ji ɗanta yana nemanta, ta ce, "Allah sarki, Ubangiji ya sada su," ta koma gonar auduga.

Shekara goma sha shida ke nan da aka sayar da ita. Ka gyara.

Yayarka,
Keziah

Xenia, Ohio
20 ga Afrilu

Yaya Keziah,

Na gaishe ki da girmamawa. Orpha na gaishe ki, ta ce don Allah a rage wuta. Hannu da sauƙi, kafinta mai yatsu takwas ma yana kai lomarsa baki.

Yaya, Sip suna ne da Tolbert ya raɗa mini mako ɗaya da ya raɗa wa karnukan farautarsa nasu. Jihohi goma sha ɗaya suka ɓalle don su ci gaba da kiranmu "na gidan wane". Na sa shuɗin kaki, na bar yatsu biyu a ramukan Petersburg, aka kayar da su. Yanzu ni da hannuna in buga "ta gidan Tolbert" a jarida, duniya ta karanta? Mama ta cancanci cikakken suna kamar kowace dattijuwa mai 'yanci. Ki ba cigiyar lokaci.

Ƙanenki mai biyayya,
Lemuel Waters

Lexington
28 ga Afrilu

Ranka ya daɗe Saje,

Ina gaisuwa. Jawabinka ya iso, ya dace da ranar fareti. Na karanta irinsa da yawa daga bakin 'yan majalisa, nasu dai ya fi tsawo.

Ba kai za ka koya mini ƙin sunan nan ba. Shekara talatin ina kakkaɓe ƙurar littattafan matar Tolbert, ina satar karatu daga cikinsu shafi-shafi, kai kana Ohio kana zaɓar suna kamar mai zaɓar hula. Yaran da nake koyarwa yanzu, ban bari ɗaya ya rubuta sunan ubangidansa a allo ba. Amma cigiya ba takardar yabo ba ce. Mu same ta tukuna, sannan ka kira ta Lavinia, mu ga ko ba ta jefe ka da ludayi ba. Lokaci kuwa, ita ce ba ta da shi.

Kuma na san ka, ni na goye ka. Tun kana ƙarami, in ka fara dogon bayani to akwai abin da ka fasa. Me ka fasa, Sip?

Keziah

Xenia
10 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Sau huɗu na fara wasiƙar nan.

Ke kika rubuta mini takardar izinin fita ta ƙarya, kika kwaikwayi hannun Tolbert, muka ɓoye wa Mama. Na tafi injin niƙa da buhun masara ranar Asabar, ban dawo ba. Da safen nan ta ce in biya in ɗauki gurasar masara, na ce ina sauri, don ban iya kallon fuskarta ba. Wata guda bayan haka Tolbert ya huce haushina a kanta, ya sayar da ita gangaren kogi, can Mississippi. Ni na sayar da ita, Yaya. Shi hannu kawai ya sa.

In aka kira Lavinia Waters ba a amsa ba, zan ce ba ta gane ba ne. In aka kira Viney, aka ce Sip ne ke nema, aka ji shiru, to ko dai ta mutu, ko kuwa ta ji sarai ta ƙi tashi. Na tsaya gaban igwa ban gudu ba. Wannan ban iya ba.

Kada ki gaya wa Orpha.

Sip

Lexington
19 ga Mayu

Ƙanena Sip,

Na gaishe ka, wawa, abin ƙaunata.

Wa ya ce maka an ɓoye wa Mama? Ita ta sa ni rubuta takardar. Ita ta matse 'ya'yan itace ta haɗa tawada, ta tsaya bakin ƙofa tana tsinkar wake har na gama. Ta rantsar da ni kada in faɗa maka, don ta san in ka sani ba za ka tafi ba. Ta san abin da Tolbert zai yi. Ranar da aka ɗora ta a keken doki na bi ta a guje har bakin hanya. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Ya tsallake?" Na ce ya tsallake. Ta gyara ɗankwalinta, ta dubi mai keken ta ce, "To me kake jira?"

Rantsuwar ta ƙare tun ranar da ka taka Ohio. Sau biyu muka haɗu bayan yaƙi, ba ka tambaya ba, na zaci ka daɗe da ganewa. Wannan laifina ne, ka yafe mini.

Ko tana raye, ban sani ba. Ba zan yi maka ƙarya ba.

Ana rufe makaranta ranar 15 ga Yuni. In ban ga Viney da Sip da Tolbert a jarida kafin ranar ba, washegari zan shiga jirgin ruwa daga Louisville zuwa Natchez ta Mississippi, in bi coci-coci, in miƙe tsakiyar wa'azi in kira sunayen da bakina. Ka san muryata. In ma na gani, zan tafi. Gurbin mutum biyu zan kama, ɗaya naka ne.

Yayarka har abada,
Keziah