Na Ci Kwalliya Don Bikin Barci

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigidan da yara? Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Mu nan Alƙahira lafiya lau, sai sanyi.

Maƙwabciyata Karmen, 'yar Sifaniyar nan, ta ce mini shida ga Disamba babbar rana ce a ƙasarsu, ranar da jama'a suka amince da kundin tsarin mulki, in leƙo mu yi hira. Ni kuwa na ɗauka sallarsu ce. Na sha lalle, na ɗaura leshi, na toya waina kula guda.

Ina ƙwanƙwasa ƙofa sai ga ta da rigar barci, gashi buzu-buzu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗaurin aure za ki?"

Na ce, "Ina bikin?"

Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri! 'Yan majalisa ne ke jawabi. Mu gada muke yi."

Na ce, "Gada? Da hannunku kuke ginawa?"

Ta yi dariya har da hawaye. Ashe akwai wani hutun ranar takwas, sai su haɗiye ranar da ke tsakani su miƙe ƙafa. Gadar ke nan.

Haka na zauna da gwaggwaro kamar uwar amarya, ita da mijinta suka cinye wainar tas.

Ki sa ni a addu'a, haihuwa ta matso. Ki gaida Inna da Baffa. Don Allah kada labarin nan ya je kunnen Kawu Sale, kin san bakinsa.

Ƙanwarki,
Rabi