Kwarin da Aka Ce Babu Kowa

Garwa, 4 ga Maris

Zuwa ga Yayana Shu'aibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Hamida da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Toulouse? Mu nan lafiya lau sai zafin da ka sani, tun ƙarfe tara na safe Garwa take tafasa. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi. Maigidana Sharif ma yana gaisuwa.

Yaya, da hannuna na rubuto wannan, zan ɗauki hotonta in turo maka. A waya kana katse ni, ni kuma idan raina ya ɓaci magana sarƙe mini take yi.

Jiya rapor ɗinku, wato rahoton binciken, ya iso biro, ofishinmu na nan Garwa. Micheline, abokiyar aikina, ita ta fara buɗewa, sai na ga ta juyo mini da fuskar kwamfutar. Taswirar yankin Bibemi ce, an shafe kwarin Mayo Dande gaba ɗaya da launin toka, a ƙasa an rubuta da Faransanci: fili marar mazauna, ba a amfani da shi. Ga sunanka a ƙarshe, da sa hannunka.

Bari in tuna maka, tunda da alama ka manta. Kai ka kira ni shekara biyu da suka wuce ka ce cibiyarku ta binciken sararin samaniya tana neman wanda zai tattara bayanai a ƙasa. Ka ce kuna da na'urori uku masu ƙirƙirarriyar basira da ke aiki tare: ta farko tana duba hotunan tauraron ɗan'adam, ta biyu tana gwada su da abin da muka aiko daga daji, ta uku tana rubuta sakamako. Ka ce kowace tana gyara wa 'yar'uwarta, don haka kuskure ba ya wucewa. Ka ce amfanin abin shi ne makiyayi ya san inda ruwa ya rage tun kafin shanunsa su fara faɗuwa. Na yarda, na bar koyarwa a makaranta na hau moto, babur ɗin da nake shiga daji da shi.

Rani biyu na yi a kwarin nan. Gida sittin da huɗu na ƙirga, na san sunan matan kowane gida. Arɗo Hamidu bai ko so ya dube ni ba ranar farko, sai da na faɗa masa ni 'yar wane ce. Da ya ji sunan Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce shekara talatin suna cinikin shanu a kasuwar Garwa bai taɓa kama shi da ƙarya ba. Washegari shi da kansa ya kai ni rijiyoyin da ko maƙwabtansu ba sa nuna wa. Da sunan Baba na shiga kwarin, Yaya, ba da takardar cibiyarku ba.

Na san abin da ya faru, ba sai ka yi mini bayani da manyan kalmomi ba. An koya wa na'urarku cewa mutum yana inda akwai rufin kwano da kunyar gona. Bukkar ciyawa a gindin tsamiya, daga sama launinta ɗaya da ƙasa. Wannan ban ga laifin na'ura ba. Amma ina bayanan da na aiko? Ina wurare ɗari huɗu da goma sha biyu da na tsaya a kansu da ƙafata? Kai da aka haifa a gidan dillalin shanu, ka karanta wannan layin ka sa hannu?

Ka gyara, Yaya, da gaggawa. Ina jiran amsarka.

Ka shafa mini kan yara. Allah ya kiyaye ku.

Ƙanwarka,
Sadiƙa

Garwa, 19 ga Maris

Yaya Shu'aibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma murar da ka ce ta kama Anti Hamida ta sake ta. Inna lafiya, Sharif ya tafi Marwa wajen 'yan'uwansa a Domayo, jibi zai dawo.

Na ga amsarka, na karanta sau uku ko zan sami wani abu da na tsallake. Ka ce ƙaramin kuskure ne, za a gyara a fitowa ta gaba, nan da wata shida. Ka ce janye rapor yanzu zai zubar da mutuncin aikin, daidai lokacin da ake duba ko za a ba ku gurbi a sabon tauraron da za a harba. Ka ce kimiyya taswira take yi, ba ita ke raba fili ba.

To saurara ka ji abin da taswirar ta yi kafin wata shidan naka.

Wani kamfanin noma ya kai dosiye, wato kundin takardun neman fili, gaban kwamitin rabon filaye yana neman kwarin Mayo Dande. Shafi na farko taswirarku ce. Wani magatakarda da muka yi makaranta tare ya bar ni na duba sauran shafukan. Yaya, a shafi na bakwai sai ga rijiyoyina. Dukkansu goma sha ɗaya, da zurfinsu, da watan da kowace take ƙafewa, yadda Arɗo ya faɗa mini na rubuta. Ashe ba duka bayanaina aka zubar ba. An ɗauki ruwan an bar mutanen. Rijiyoyin da dattijon nan ya nuna mini don amana, su ne yanzu hujjar kamfani cewa filin yana da albarka.

Na fita daga ofishin ban san inda nake sa ƙafa ba. Mai moto ya yi ta yi mini magana ban ji ba.

Ranar Asabar na je kwarin. An riga an kafa turaku masu jan fenti daga bakin hanya zuwa rijiyar farko, tun kafin kwamiti ya zauna. Na sami Arɗo a gindin tsamiyarsa. Bai ɗaga mini murya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya sa aka kawo mini kindirmo kamar kullum, sannan ya nuna mini saman bukkarsa. Fallen kwano ɗaya ne sabo fil, an danne shi da duwatsu. Wani ya gaya masa abin da ke sama ba ya ganin mutum sai da kwano, shi ne ya aika kasuwar Bibemi aka sayo. Ya ce mini, "Ɓingel am, 'yata, ki tambayi yayanki ko wannan ya isa, ko sai na ƙara."

Mutum mai shekara saba'in da wani abu, Yaya. To ga tambayarsa na isar. Me zan ce masa?

Kwamiti zai zauna ranar 10 ga Afrilu. Layi uku kawai nake nema daga gare ka, da hatimin cibiyarku, cewa taswirar ta yi kuskure a kan kwarin. Ban gaya wa Inna komai ba.

Ina gaida kowa.

Ƙanwarka,
Sadiƙa

Garwa, 3 ga Afrilu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya.

Mako biyu shiru. Na ga alamar ka buɗe wasiƙata, don haka ba zan ce ba ta iso ba.

Da na ga ba ka da niyya, ni da Micheline muka zauna muka buɗe ma'ajiyar aikin, inda ake adana duk abin da na'urorin uku suka faɗa wa juna. Izinin shiga da ka ba ni tun farko yana nan. Kwana biyu muna bi layi-layi, Micheline tana karantawa ina rubutawa, muna neman inda aka jefar da gidajen Arɗo. Ni a zatona zan kama na'ura da laifi, in kawo maka hujja ka ji kunya ka gyara.

Ga abin da muka samu. Na'ura ta farko ta ce babu kowa a kwarin. Ta biyu ta ƙi yarda. Ta rubuta cewa bayanan ƙasa sun nuna gidaje sittin da huɗu, ga sawun shanu a hotunan suna haɗuwa a bakin rijiyoyi, wannan ba ya yiwuwa a filin da babu mutane. Ta dakatar da aikin ta nemi mutum ya duba. Aka danna a ci gaba. Bayan kwana biyu ta sake tsayawa, aka sake dannawa. Karo na uku har cewa ta yi idan aka fitar da taswirar a haka za ta iya cutar da mazauna wurin. Aka rubuta mata amsa da kalmomi kaɗan: bayanan ƙasa ba abin dogaro ba ne, a yi watsi da su. Ranar 11 ga Fabrairu, saura kwana huɗu ku miƙa aikin.

Micheline ta sa yatsa a kan sunan wanda ya rubuta, ta ɗago ta dube ni, ta ce ko in fita in sha iska. Na ce ta bari in gani da idona.

Kai ne, Yaya.

Wata guda ina kare ka a zuciyata, ina cewa aiki ya yi masa yawa, bai lura ba. Ashe sau uku aka tsayar da kai. Abin da ba shi da uwa ba shi da uba, bai taɓa shan nonon kwarin nan ba, shi ya tsaya wa mutanen Arɗo, kai ka ture shi don kada ka makara. Kuma ni ce ba abin dogaro ba? Ni da na yi zazzaɓi sau biyu a dajin nan, na yi ɓarin cikin wata uku bayan faɗuwar da na yi a kan moto, ban gaya maka ba don kada ka ce laifinka ne? Yanzu ka sani.

Na buga shafukan a takarda. Ranar Alhamis mai zuwa zan tsaya gaban kwamiti in karanta su, da kwanan wata da suna. Sharif ya ce in yi tunani, jini ɗaya ne. Na ce masa na yi tunanin, shi ya sa nake gaya maka tun yau maimakon ka ji a bakin wasu. Idan takardarka ta riga ni isa, nawa shafukan ba za su fita daga jaka ba. Wannan ne iyakar abin da zan iya yi maka.

Allah ya nuna maka daidai.

Sadiƙa

Garwa, 14 ga Afrilu

Zuwa ga Yayana Shu'aibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Anti Hamida da yara, da fatan kowa lafiya. An yi yayyafin farko shekaranjiya, garin ya ɗan yi sanyi. Inna ta ce in tambaye ka me ya sa muryarka ta canja a waya.

Takardarka ta iso ranar Alhamis da safe, ina kan hanyar zuwa zauren. Na tsaya a bakin titi na karanta. Layi uku na roƙa, ka rubuto shafi biyu, ka faɗi har abin da na ce zan rufe. Ka rubuta da bakinka cewa na'urar ta yi gargaɗi kai ka ƙi ji. Shugaban kwamiti ya sa aka karanta da Faransanci, aka fassara da Fulatanci. Da aka zo wurin sunanka Arɗo ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba har aka gama. An ƙi amincewa da dosiyen kamfanin, an ba su kwana bakwai su cire turakunsu.

Anti Hamida ta gaya mini an ɗauke ka daga jagorancin aikin, gurbin tauraron ma an ba wasu. Ban ji daɗi ba, wallahi, na san shekarun da ka yi kana neman wannan. Ni ma an rufe mini izinin shiga, biron Garwa sai abin da Allah ya yi. Micheline ta ce ko ba komai mun iya karatun abin da na'urori ke faɗa wa juna, wani zai neme mu.

Amma kada ka ɗauka na huce. Da ka rubuto wannan takarda ranar da na fara roƙonka, da kowa yana gidansa. Tun da aka kafa turakun nan, gida ashirin da biyu suka kwashe suka nufi wajen Tignère, domin ba su yarda talaka zai ci shari'a da kamfani ba. A tsakiyar rani suka tashi, da maruƙa da tsofaffi, tafiyar makonni. Ƙanen Arɗo yana cikinsu. Labarin da ya iso shi ne shanu sun fara faɗuwa a hanya, kuma babu wanda ya san daidai inda suke yanzu. Ba su ma san an ci shari'ar ba.

Bayan an tashi daga zaman na raka Arɗo bakin mota. Na ce masa ka ba da haƙuri. Ya ce takarda ta ba kwamiti haƙuri, shi bai ga kowa ba. Ya ce wanda ya kore su shi ya kamata ya je ya kira su.

Don haka ka nemi hutu ka taho. Sharif ya samo mota, ni na san hanya har Faro, daga nan sai mu riƙa tambaya ruga-ruga. Fulatancinka ya yi tsatsa, amma zai isa ka faɗi abin da ka yi. Inna kuma da bakinka za ta ji, ba da nawa ba.

Na riga na yi wa Arɗo alkawari za ka zo kafin ruwa ya sauka sosai. Sau ɗaya na kai masa maganarka ta zama ƙarya. Kada ka sa in yi ta biyu.

Ka turo mini ranar da jirginka zai sauka. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Sadiƙa