Ban Koya Miki Birki Ba

Kaura Namoda,
ranar Lahadi, ana yayyafi.

Zuwa ga Florence, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakar bazara, ruwan randata bayan doguwar tafiya, wadda duk Kaura ke kira Sista amma ni kaɗai nake kira Fulo.

Na ga hotunan. Sai da na hau tudun bayan makaranta na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin suka buɗe, kuma kowanne ya buɗe sai ya ƙara mini furfura. Ga ki a kan keke da hular kwano, a ƙolin wata mashiga ta duwatsun Alps, dusar ƙanƙara a gefen hanya alhali ana tsakiyar Yuli, titi ya nannaɗe a bayanki kamar igiyar guga da aka yar a ƙasa. Can ƙasa kuma ga tafki, shuɗi kamar an tsamo shi daga marina. Ni ne fa malamin labarin ƙasa, Fulo. Na ƙarar da ƙuruciyata ina zana waɗannan duwatsu da alli ga yaran da ba su taɓa ganin abin da ya fi dutsen Kwatarkwashi ba, shi ma ta tagar mota. Na san yadda ƙanƙara ta haƙa tafkunan nan, na karanta labarin mayaƙan da suka tsallaka mashigun da giwaye. Sai ga shi ma'aikaciyar jinyar da take barci idan na fara bayani ita ce a kan dutsen, ni kuwa ina nan da allina. Ashe haka ilimi yake saka wa masu shi?

Kin tuna filin tsohuwar tashar jirgi? Bayan la'asar muke zuwa, lokacin da aka ba ki aikin rigakafi a ƙauyukan wajen Ɗan Isa, kika ce kin gaji da jiran ɗan acaɓa. Na kawo baƙin kekena na gado, wanda rabonsa da birki tun ina saurayi. Ina riƙe da sirdi ina gudu a bayanki, ni da tumbina, ke kina ta kiran Yesu, ni ina ta salati, keken kuma bai kula kowannenmu ba. Armiya'u mai gyaran keke yana zaune a rumfarsa yana cewa, "Malam, wanga karatu naka da wuya. Ɗaliba na tahiya, malami na hwaɗuwa." Da kika tambaye ni yadda ake tsayawa, na ce ki daina taka feda kawai, ƙasar Kaura shimfiɗaɗɗiya ce, yashi zai tsayar da ke da kansa, in abu ya ƙi, ki danna silifa a tayar gaba kamar kowa. Ranar nan buhun albasar Ladan ɗan kasuwa ne ya tsayar da ke. Kika tashi kina dariya da ɓawon albasa a gashi, rana ta yi ja a bayanki, ni kuwa na tsaya ina haki, na san tawa ta ƙare. Gwauro mai furfura, mai ɗaki cike da littattafai, albasa ta gama da shi!

Shi ya sa na yi dariya, daga baya na daina, da na karanta abin da kika rubuta a ƙarƙashin hoton: wai na cuce ki, ban taɓa faɗa miki akwai gangaren da ba ya ƙarewa ba. Kika ce hawan ya ci ƙafafunki tun safe, amma saukar ce ta kusa cin ranki, daga wannan kwanar titi sai waccan, rami a gefe, iska tana yanka fuska, har sai da abokiyar aikinki ta tsayar da ke ta nuna miki yadda ake matsa birki da hannu biyu, a hankali, kafin a shiga kwana ba a cikinta ba. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan. Ni abin da ƙasata ta koya mini na koya miki.

To, ga maganar da nake ta kewaya wa kamar titin naku. Kwantiraginki a gidan kula da tsofaffi zai ƙare a ƙarshen shekara, sun ce ki zauna dindindin. Kin ce in furta kalma ɗaya, ki tattara ki dawo mu yi auren da muka yi wa juna alkawari a gaban yayanki Terhemba da Innata. Sau uku kina tambayata a waya, sau uku ina ɗora wa sabis laifi. Sabis ba shi da laifi, Fulo. Muryata ce ba za ta iya ɗaukar amsar ba, shi ya sa na ba takarda.

Kada ki dawo.

Ya hasken safiyata, ya farkon ruwan shuka, kin san abin da hannuna ya ji kafin ya rubuta wannan? Hanyar da kike bi da akwatin allura a kariyar keke, mata suna leƙowa ta dangar kara suna cewa ga Sista mai keke, yanzu ciyawa ta cinye ta. Ɗan asibitin da kike ajiye keke a gindin dalbejiyarsa an rufe shi da kwaɗo. Jennifer da ta karɓi aikinki, 'yan bindiga sun sauke ta daga mota a hanyar Shinkafi. Ta dawo bayan watanni, da rai, amma har yau in an rufe ƙofa da ƙarfi sai ta shige ƙarƙashin gado. Wanda zai je Zurmi sai ya yi sallama da iyali kamar mai tafiya Makka a ƙasa. Kuma na san ki. Ba za ki zauna a ɗaki kina dafa mini shayi ba. Ranar da aka ce wata na naƙuda a ƙauye za ki zari keke, ni kuma ban taɓa iya tsayar da ke ba. Gara in ji kina tsoron ramin da ke da shinge a gefensa.

Za ki ce to ni in zo. Da me zan bar Inna? Idonta ya tafi gaba ɗaya, muryata kaɗai take yarda ta ci abinci a kanta. Kullum sai ta tambaya ko 'yar Binuwai ta dawo, in ce tana bisa dutse, ta ce me ta ɓatar a can. Ba zan roƙi Allah ya sake ni ba, don na san abin da sakin yake nufi. Kin ga inda aka ajiye ni: ba na iya fatan zuwa wurinki sai da fatan abin da ɗa ba ya fata.

Saboda haka ki sa hannu a takardarsu. Ban ɗaure ki da alkawarin nan ba. In wani mai ƙafafun hawan dutse ya zo, wanda ba ya haki, ba zan ce komai ba, sai dai in duba ƙasarsu a taswira in ƙi koyar da ita. Abu biyu kawai nake roƙo. Ki ci gaba da turo hotunan, ko da suna ƙona ni, don yaran ajina sun fara yarda cewa duwatsun nan ba ƙirƙirata ba ce. Sannan ki matsa birki kafin kwana, kamar yadda aka koya miki.

Shekaranjiya na kai baƙin keken wurin Armiya'u na ce ya sa masa birki. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Malam, yanzu da babu inda za ka?" Ya dai sa. Kowace yamma nakan hau, in wuce tasha, in wuce inda buhun Ladan yake a da, har bakin gari inda hanyar Ɗan Isa ta fara. A nan nake matsawa da hannu biyu, a hankali. Yana kamawa sosai, Fulo. In tsaya in kalli hanyar har a kira magariba, sannan in juya.

Ko kin dawo ko ba ki dawo ba, kariyar keken nan ba za ta ɗauki wata ba, zuciyar mai shi ma haka, har ranar da za a ɗauke shi a kafaɗa.

Naki, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa,
Magaji