Rasuwar Mushe Abdussalamu Gado da Takabar Malama Tanna

Mai karanta wannan saƙo, idan nufinka ka miƙa gaisuwa a zaure ka wuce ɗakin matar mamaci, ka yi zamanka a gida.

Cikin alhinin da ya kashe mana jiki, Ƙungiyar Mata Masu Sana'ar Hannu ta Tasawa da Mayahi ta samu labarin rasuwar Alhaji Mushe Abdussalamu Gado, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe, kuma mai ɗaukar sinima ta tarihi da al'adu, wanda Allah Ya yi wa cikawa a Tasawa bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun binne mutane da yawa a farin nan, har hawaye ya ƙafe, saboda haka za mu faɗi abin da ya yi kawai.

Marigayin ya bi kasuwanni da rijiyoyi daga garin Kanan-Bakashe har garin Sarkin Hausa, yana ɗaukar masu ginin tukwane, da masu zanen ƙwarya, da matan Buzaye madukai da fari ya koro bayan dabbobinsu sun ƙare. A zamanin nan na mulkin soja da kowa ke taunar maganarsa kafin ya furta, shi ya tambayi tsofaffi gaba da gaba wane ne Bahaushe, wane ne Buzu, kuma wa ya raba mana daraja da launin fata. Ya nuna mana amsoshinsu a jikin farin ƙyalle, muka kalla, wasu suka sunkuyar da kai.

A majiginsa na ƙarshe ya nuna surukarsa, mahaifiyar mai ɗakinsa Malama Tanna, tana jimar fata tana rera waƙar zuriyarsu ta maƙeran Buzaye, waɗanda wasu ke raina asalinsu. Don ya girmama ta ya yi. Amma tun ranar da aka nuna shi, matan da suka daɗe suna cin tuwo da Tanna suka fara ware mata kwano. Yanzu ta shiga takaba, kuma abin da duk mai takaba ke samu, wato maƙwabciyar da za ta zauna da ita, da wadda za ta ɗebo mata ruwa tunda ba ta fita, ita ba ta samu ba. Na shiga ɗakin da kaina, na tarar da ita da ƴaƴanta da randa busasshiya. Wannan ba aikin fari ba ne, rashin tarbiyya ne, kuma iyaye mata ne suka koyar da shi.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga mahaifinsa, Mai girma Alhaji Gado Mai Nasara, da Malama Tanna, da marayun da ya bari. Allah Ya jiƙansa, Ya sa kabarinsa ya zama dausayi, Ya ba su haƙurin ɗaukar wannan rashi.

Ba ni da ikon tilasta wa gidan kowa. Amma a nawa gidan, daga yau har ta fita takaba, ba mai shan ruwan tulun farko sai an cika randar Tanna, kuma ɗiyar da ta ƙi ɗauka, ni da ita za mu tafi, tulun a kaina.

Hajiya Zuhura Ishaƙu
Kakakin Ƙungiyar Mata Masu Sana'ar Hannu, Tasawa