Gobe Zan Faɗi Sunanka

Assalamu alaikum, maigidana.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma cewa za ka yi in karanta maka, yadda nake karanta maka littattafaina kana ɗinki kana yi wa samarin ciki dariya.

Na fita takaba ranar Juma'a. Hajiyarka lafiya lau, sai dai ƙafar nan. Kekenka yana zaure, na lulluɓe shi da zanin gado. Har yanzu mutanen Yakasai in sun zo wucewa sai sun leƙa, sannan su tuna.

Aikin kaba kawai aka yi maka a asibitin kuɗin nan. Likita ya ce ba za ka daɗe ba za ka koma kan keke. Ni ce mai jinya, ina kan tabarma da littafin soyayya a cinya, amma idona biyu. Na ga mai wankin ciwo ya tashi daga kan dattijon da ƙafarsa ke ruɓewa ya zo kanka, bai canza safar hannu ba, bai canza almakashi ba. Na yi magana, ya ce in koma kan soyayyata. Daga nan ɗinkin ya kumbura, ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ka. Suka ce maleriya ce. Da muka kai ka babban asibiti, likitan can ya ce cutar ta riga ta shiga jini.

Yayanka Alhaji ya ce in bar wa Allah, wai ba a san gidanku da zuwa shari'a ba. Na yarda kwananka ne ya ƙare. Amma ƙaddara ce ta hana mutum canza safar hannu? Gadon da ka kwanta, yau mijin wa ke kai? Da Alhaji ya fita, Hajiya ta miƙo min babban mayafinta, ta ce in yafa in za ni.

Na samu wata lauya a Ƙofar Nassarawa. Gobe za ta raka ni gaban kwamitin da ke sauraron koke a kan asibitoci. Ta ce abin da za su fara tambaya shi ne sunan mamacin, kuma da bakina zan faɗa, kowa ya ji.

Ka dai san tun da aka kawo ni gidan nan sunanka bai taɓa fita daga bakina ba. Matan littattafaina suna kiran mazansu da sunaye masu zaƙi. Na sha shiryawa a zuci, kana yin sallama kunya ta mayar da ni kan kiran ka Malam. Kai kuma ka yi ta tsokanata, wai ranar da na faɗa za ka rufe shago ka yi walima. Abin da ban gaya maka ba, ina ajiye shi ne sai ranar da na haifa maka ɗa. Ashe a gaban baƙi zan fara.

Ɗazu na gwada a gaban madubi, muryata ta karye. Na sake, na sake. Gobe ba za ta karye ba. Zan faɗa musu abin da na gani, ko Alhaji zai daina gaishe ni.

Allah ya haskaka kabarinka, Sagiru. Ka ji, na faɗa.

Matarka,
Rukayya