Masu Tari a Zauren Baba

Yaya Siddiƙ,

Assalamu alaikum. Ya Inna da mutanen Fakku? Lafiya lau nike nan Alƙahira. Zazzaɓin ya sake ni, numfashi ne bai gama dawowa ba. Kada Inna ta ji.

Ashe har yanzu duk mai tari wurin Baba ake kai shi tofi? Wagga korona ni ma ta kayar da ni da ƙuruciyata, balle tsoho mai ciwon suga da hawan jini.

Na ce a rufe zauren, ka ce abin kunya ne. To, ku riƙe kunyarku. Jirage dai sun daina tashi. In korona ta ɗauke Baba, ko makararsa ba zan kama ba.

Allah shi tsare.

Ƙanenka,
Nu'umanu